Abincin Tsohuwa Da Na Zubar A Setapak

Jiya na gifta wani shagon 'yan China a nan Kano, sai ƙanshin turaren tsinke ya bugi hancina, mai ƙaurin ice, ba irin namu na ɗaki ba. Na tsaya cak a bakin titi, har mai adaidaita ya yi min tsawa. Kunya ce ta riƙe min ƙafa, kuma bari in gaya maka dalili.

Shekarata goma sha uku a lokacin. Muna zaune a hawa na tara a wani dogon bene a Setapak, wata unguwa can ƙasar waje inda ake Malayanci, Abba yana karatun digiri na uku. Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa 'yar China, mai bin addinin Buddha. Anti muke ce mata, kamar yadda ake kiran kowace babbar mace a can. Ita kaɗai take kwana, 'ya'yanta suna wani gari. Idan ta buɗe ƙofar katako ta bar ta ƙarfe don shan iska, kana hango wani ɗan jan teburi, da mutum-mutumi a zaune, da lemo uku a faranti, hayaƙi na tashi siriri. Umma kan gaishe ta kullum. Ni kuwa toshe hanci nake yi in wuce, kuma ina so ta gani.

A shekara ta biyu ta korona cutar ta shigo gidanmu. Motar asibiti ta tafi da Abba, Umma ta kwanta, ni aka ɗaura min ɗan zoben roba a wuyan hannu, alamar ba fita. Ashe abin ya zo daidai da wani watan su Anti na godiya ga iyaye, rayayyu da matattu, wanda suke ciyar da mabuƙata da sunan waɗanda suka haife su. Wurin ibadarsu a rufe yake, don haka tsofaffin matan suka koma dafawa a gida, suna ratayawa a ƙofofin masu jinya.

Ranar farko na ji ƙwanƙwasa da hantsi. Na buɗe, ba kowa, sai leda a rataye: shinkafa da zafinta, awara, ganye, da romo mai ƙanshin citta. Ga ni da yunwa. Amma na raya a raina cewa sai da aka ajiye shi gaban gunki kafin a kawo mana. Ban tambayi kowa ba. Na juye shi a ledar shara, na ɗaure, na ajiye a bakin ƙofa inda masu kwasa ke ɗauka.

"Wa ke bugu?" in ji Umma daga ɗaki, muryarta da ƙyar.

"Ba kowa," na ce.

Kwana huɗu ina haka. Taliya kawai na iya dafawa, ita nake kai wa Umma, ta yi loma biyu ta kawar da kai. Ina kallon idanunta suna faɗawa, amma ina jin kaina wata jaruma mai tsare gida.

Rana ta biyar aka ƙwanƙwasa, ba a tafi ba. Anti ce, da takunkumi biyu a fuska, ta ja baya can jikin bango tana haki. A ƙasa ga sabuwar tukunya da takardar shago a manne, ga ƙullin shinkafa ba a buɗe ba, da tambarin halal, ga ganye, citta da ɗanyar awara.

"Sabuwa ce," ta ce da Malayancinta a hankali, don in gane. "Ba abin da ya taɓa shiga cikinta. Ki dafa da hannunki, mama ta ci. Boleh?"

Boleh shi ne za ki iya. Na ce boleh. Ledar sharar jiya tana nan dab da ƙafarta, fara ce, shinkafarta na bayyana tsaf ta ciki. Ba ta kalle ta ba. Ta tsaya daga nesa ta kwatanta min yadda zan cika ruwa har shinkafar ta narke kamar kunu. Ranar Umma ta shanye kwano guda, ta yi gumi, ta yi barci.

Da Abba ya dawo, a rame, abu na farko da ya yi bayan sallah shi ne zuwa yi mata godiya. Ina laɓe bayan ƙofa na ji tana cewa ita ce da godiya. Wai tana ƙarama mahaifiyarta ta yi doguwar jinya, maƙwabta suka ciyar da su, uwar kuma ta rasu tun Anti ba ta saka mata da komai ba. Abba ya ƙwala min kira in zo in gaishe ta. Na ce cikina na ciwo. Har muka bar ƙasar ban yarda mun haɗa ido ba. Idan na ji motsinta wajen lif, sai in bi matakala, hawa tara.

Sai bara na iya faɗa wa Umma, muna gyaran zogale. Ba ta ko ɗago ba.

"Na sani," ta ce. "Ita ta gaya min, bayan na warke. Ta roƙe ni kada in yi miki faɗa. Cewa ta yi, yarinyar iyayenta take tsarewa, irin 'yar da kowa ke so ke nan."

Yanzu ina jami'a, na karanta hukuncin abincin maƙwabci, na san abin da ban sani ba a da. Gidajenmu a nan katanga ce da waya a sama, shekara uku ban san fuskar matar da ke bayanmu ba. Abba ya ce lambar Anti ta tafi da tsohuwar wayarsa. Ban san ko tana raye ba. Ta yi min shaidar da ban cancanta ba, ni kuma ko sannu ban ce mata ba.