Sunan da ba ya cikin takarda

Shekarar da aka rufe iyaka aiki ya tsaya mana cak a Jibiya. Manyan motoci suka yi layi a hanyar Maraɗi, babu lodi, babu sauke kaya, mu 'yan dako muka koma zaman benci. A lokacin ne wasu mutanen gari suka kafa ƙungiyar taimakon masu fama da yunwa: 'yan kasuwa da manoma su kawo hatsi, kwamiti ya raba. Aka ce ana son mutum ɗaya daga cikin 'yan dako, sai aka zaɓe ni, domin na yi shekara biyu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma ba a san ni da faɗa ba.

Mu bakwai ne a kwamitin, akwai malaman makaranta, da ma'aikacin asibiti, da 'yan kasuwa. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba. Sai dai idan magana ta yi zafi sukan juya harshe zuwa Turanci, ni kuwa in yi ta kallon bakinsu har su dawo.

Ina da aboki, mutumin wani ƙauye ne gaba da Maraɗi, amma ya fi shekara ashirin a Jibiya. A nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa biyar. Tare muke ɗaukar buhu tun muna samari. Da ya ji an sa ni a kwamiti sai ya ce to, jaki ya samu biro, saura tabarau. Na ce ya yi ta tsiyarsa, ranar rabo da bakina zan kira shi. Na san sau ɗaya a rana ake ɗora tukunya a gidansa.

A zama na uku sakatare ya kawo takardar ƙa'idoji, shafi biyu, da Hausa aka buga ta. Kowa ya duba, ya sa hannu, ya miƙa gaba. Da ta iso gare ni na ga in na ce sai na karanta, la'asar za ta yi ban gama ba, ga mutum shida suna jira. Kuma hankalina yana kan sa hannun, domin dangwala yatsa na saba. Na rubuta sunana a hankali, ya fito da kyau, har na ji daɗi.

Ranar rabo shugaba ya miƙo mini takardar sunaye, ya ce ni zan kira, tunda mutanena ne. Na riƙe ta ina bin layi da yatsa. Jama'a suka yi haƙuri da ni, in na tsaya a kan suna sai mai sunan ya ƙarasa mini, a yi dariya. Abokina yana gindin dalbejiya da buhunsa a naɗe a hammata. Duk layin da na sauka ina sa ran nasa ne. Na kai ƙarshe, na juya takardar, bayanta fari.

Da aka watse na tambayi sakatare, domin ni na ba shi sunan abokina. Ya ɗauko takardar ƙa'idoji ya nuna mini layi a shafi na biyu: sai mai katin ɗan ƙasa za a ba. Ya ce an yi haka ne don kada hatsin ya riƙa tsallaka iyaka. A ƙasan layin ga sunana, da rubutuna.

Washegari na auni tiya uku na gero daga gidana na kai masa. Ya fito zaure, ya shimfiɗa mini tabarma, abin da bai taɓa yi ba. Na faɗa masa gaskiya, cewa ban karanta ba na sa hannu. 

"Ba komi, Malam," in ji shi. "Allah shi saka da alheri."

Na zauna ina jira ya zage ni ko ya yi mini tsiya. Sai ya tambaye ni lafiyar iyali.

A zama na gaba na miƙe na yi magana a kan mutanen da suka tsufa a garin nan ba su da kati. Aka saurare ni har na gama. Ɗaya daga cikin malaman ya ce ina da gaskiya, shugaba ya ce za a duba kafin rabo na gaba. Sau biyu ina sake tunatar da su, aka yarda mai unguwa ya riƙa shaidar irin waɗannan mutane.

Kafin nan abokina ya riga ya tura iyalinsa ƙauye. Da damina ta matso shi ma ya bi su ta hanyar daji, a kan babur, ya ce zai taya wansa noma. Da zai tafi ya turo baronsa na dako ƙofar gidana, ya ce in ajiye masa.

A rabo na gaba sunansa ya fito, layi na tara. Na kira sau biyu, kamar yadda ake yi, sannan na sauka layi na goma. Baron yana zaurena har yanzu, in tayar ta sace sai in kai a sa mata iska.