Ashur Mai Gurasa Ya Bi Ta Teku Don Ya Hau Keke

Ashur Abdul-Maujud ya shafe fiye da shekara talatin yana dakon gurasa a kan keke a unguwar Darbul Ahmar da ke Alƙahira, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa ganin ya waiwaya. Sana'ar ce ta gaji haka. Tiren da ake jera gurasar a kai ya kai tsawon ƙyauren ɗaki, wani lokaci hawa biyu, kuma a tsakar ka yake zama. Hannu ɗaya na riƙe da gefen tire, ɗayan na riƙe da kan keke. Duk wanda ya juya wuya don ya ga mai yi masa hon, to karin kumallon layi guda ya zube a kwata. Saboda haka ido da kunne ne ke aikin, wuya kuwa yana tsaye kamar turke.

Yana yaro ya zo daga wani ƙauye kusa da Suhaj, a kudancin Masar. Magudanar ruwan noma ta bi ta bayan gidansu, amma bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Tsargiyar da ya ɗauka a ruwan ce ta kashe mahaifinsa, uwarsa kuwa ta rantse duk ɗan da ta kama a ruwan nan sai ya kwana da zanen bulala. Haka ya girma, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba.

Da ya haura hamsin sai yatsun hannunsa suka fara mutuwa. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce wuyan ya cinye, tire ya haramta daga yau, kuma ya riƙa shiga ruwa ko tsokar ta saki. Mai gidan gurasa bai kore shi ba. Ya ba shi kujera a taga yana miƙa wa mutane gurasa, samari kuma suka karɓi dako a kan babur. Na sha sayen gurasa a tagar nan. Yakan gaisa da kowa yadda ya saba, amma idanunsa na kan titi.

Ruwan da likita ya ce, a cibiyar matasa ta unguwa ya same shi. Mai koyar da iyo a can wata mata ce, Kyaftin Nirmin, tsohuwar 'yar wasan ninƙaya, mai murya kamar ta ɗan kamasho. Makonnin farko Ashur yakan tsaya a inda ruwa ya kawo ƙirji, ya rungume ƙarfen gefe, ya fita in lokaci ya cika. Wata rana yana goge jiki ya ga tana nuna wa wasu bidiyon gasar da ƙungiyarta ke zuwa duk shekara a gaɓar teku, yamma da Iskandariyya. Gasa ce mai wasa uku a jere: a yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Ashur ya leƙa. Ya ga kwalta shimfiɗe, fayau, sai kekuna.

"Kyaftin, ina motocin?"

"An tsayar da su."

"Wa ya tsayar da su?"

"'Yan sanda mana."

"Saboda wa? Wani babba ne zai wuce?"

"Saboda masu keke, Ammu Ashur," in ji ta, wato Baffa Ashur.

Ya ce ta maido masa wurin. Ta maido. Ga ɗan sanda nan ya ɗaga hannu, ga motoci sun yi layi a bayan shinge, ga wani mai keke ya wuce ko kallonsu bai yi ba. Ashur ya tambaya ko ana shiga keken kawai.

Nirmin ta ce, "A wannan gasa ba a raba ta. Ta ruwa ake bi. Kuma akwai usur. Wanda aka busa yana cikin teku, kwalekwale ne zai kwaso shi, kekensa ya koma gida yadda ya zo."

Ya ce ta rubuta sunansa.

Matarsa Najat, wadda unguwa ke kira Ummu Hisham, tana yanka albasa lokacin da ya faɗa mata. Ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce, "Abu Hisham, likita cewa ya yi ka jiƙa wuya. Bai ce ka kai wa kifi kanka ba."

Amininsa Girgis, mai gyaran keke a bakin layi, wanda ya yi shekaru yana liƙe masa taya, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. "Kai? Teku? Mutumin da in an yi yayyafi yake shigowa shagona ya ɓuya? Wallahi ku mutanen kudu, in kuka sa abu a ka, guduma ma ba ta fitar da shi."

"Za ka haɗa min keke ko sai na je wurin wanda ya iya?"

"Wanda ya iya! Ji min ɗan butulci. Kawo ƙafarka in auna."

Tsoron ruwan ya fi saurin tafiya fiye da yadda kowa ya zata. Matsalar da ta tsaya ita ce wuya. Mai iyo yana kifa fuska a ruwa, ya juya kai gefe ya shaƙi iska, ya mayar. Ashur ba ya juya kai. Ko wuyan zai yarda, shekara talatin sun koya wa jikinsa cewa juya kai asara ce. Nirmin za ta yi ihu, "Juya!" sai ka ga ƙwayar idonsa kaɗai ta tafi gefe a cikin tabarau, bakin kuma yana ƙarƙashin ruwa. Ya sha ruwan wurin nan har ta ce za ta riƙa aiko masa da takardar kuɗin famfo.

Ita ce ta samo dabara. Ta ce ya bar wuyan a inda yake, ya riƙa mirgina jikin gaba ɗaya, daga kafaɗa har ƙugu, kamar gungume a ruwa, har baki ya fito. Iyon ba kyan gani, kuma ba sauri, amma yana numfashi. Abin da ya kasa har aka zo gasa shi ne ɗaga kai ya hango gaba yana tafiya. In zai duba hanya sai ya tsaya cak a ruwa, ya juyo da jiki, ya duba, ya sake kwanciya. Nirmin ta gaya masa gaskiya: in tekun ya kwanta zai fita kafin usur da ƙyar, in ya tashi kuwa sai abin da Allah ya yi.

Girgis ya haɗa keken daga ɓaraguzan kekuna uku. Ya fara sa masa lanƙwasasshen kai irin na masu tsere, Ashur ya hau ya sunkuya, ya ce shi kwalta kawai yake gani. Girgis ya cire yana mita, ya sa miƙaƙƙe.

Ranar gasar, a tsakiyar watan Yuli, tekun bai kwanta ba. Girgis ya rufe shago ya ɗaure keken a saman bas, Najat ta taho da ƙullin gurasa da wake duk da ta rantse ba za ta zo ba. Tun hantsi bai yi ba aka tara su a bakin ruwa, kowa da hular roba. Za su zagaya wasu manyan balan-balan biyu masu ruwan lemo da aka ɗaure a cikin teku, su dawo. Aka busa, mutane suka ruga. Ashur ya bari suka wuce, ya yi bismilla, ya shiga da tafiya.

Igiyar ruwa ta farko ta same shi yana buɗe baki. Gishirin ya sauka har ciki. Ya yi tari, ya mirgina, wata ta sake zuwa. Ya ci gaba da jan ruwa ido rufe, bai tsaya duba hanya ba don tsoron ɓata lokaci, har sai da ya ji murya a kansa.

"Hajji! Kai Hajji! Girka za ka? Ka taho da fasfo?"

Mai kwalekwalen ceto ne, wani baƙin Ba'iskandare mai faɗin kafaɗa. Ashur ya tsaya ya juyo. Balan-balan ɗin na can nesa ta hannun dama, ya bar hanya sosai.

"Kama gefen jirgi ka huta," in ji mutumin. "Ba laifi ba ne, doka ta yarda."

"In na kama ba zan saki ba."

"To hau mana in kai ka, ka sha shayi."

"Kekena na jira na."

"Keke ba ya gudu, Hajji."

"Ɗana, kai dai ka yi ta magana. Ba na iya ɗaga kai. Ka tsaya ta inda ya kamata in bi, ka yi ta surutu, zan ji ka."

Mutumin ya dube shi, ya juya kwalekwalen. Surutu kuwa Allah ya hore masa. Ya zagi igiyar ruwa, ya zagi ƙungiyar ƙwallon da ta ci tasu, ya ba da labarin surukarsa, ya ce bai taɓa ganin mai iyo kamar buhun albasa ba sai yau. Duk lokacin da Ashur ya mirgina kunnensa ya fito, yakan tsinci muryar ya gyara hanya, yadda ya saba tsintar bas a bayansa ba tare da ya gan ta ba. Suka zagaya balan-balan na farko, suka zagaya na biyu. Daga nan lasifikar bakin gaɓa ta karɓi aikin.

A kan yashi kuwa kowa ya fita sai shi. Alƙalin gasa na duba agogo, usur na hannunsa. Najat ta shiga ruwa da abayarta har gwiwa ba ta sani ba. Nirmin, wadda ta bar tata gasar a bana don ta tsaya wa ɗalibanta, tana ta kwarara ihu har muryarta ta dushe: "Ja! Ja, Ammu Ashur! Kada ka tsaya!" Hannunsa ya taɓa yashi. Ya miƙe, ya faɗi, ya yi rarrafe, ya sake miƙewa ya tsallake layin. Yana tangaɗi zuwa wurin kekuna ya ji usur a bayansa.

Neman keken bai ba shi wahala ba, shi kaɗai ya rage. Girgis na bayan shinge yana tsalle. "Hular kwano, jaki! Sa hular kwano tukuna!"

Ya sa, ya hau, ya fita kwalta. Tafiya kaɗan sai ga mahaɗar hanya, ga motoci jere ta hagu. Ashur ya matse birki ya sauke ƙafa. Ɗan sandan da ke wurin ya buɗe baki yana kallonsa.

"Lafiya, Hajji? Taya ce?"

"Ina jira su wuce."

"Su wa? Kai suke jira! Wuce mana, hanya taka ce!"

Ashur ya dubi motocin. Akwai tirela, akwai bas, akwai irin baƙaƙen motocin nan masu duhun gilashi da suka sha tura shi cikin kwata. Duk suna tsaye. Wani direba ya danna hon, ɗan sandan ya juya ya daka masa tsawa. Ashur ya ɗora ƙafa a feda a hankali, ya ratsa ta gabansu a miƙe, ya ɗaga musu hannu kamar mai gaida jama'a.

Daga nan ya saki ƙafa. Waɗanda suka gan shi a hanyar sun ce hannunsa na hagu yakan tashi sama da kansa yana neman tire, sai ya tuna ya mayar. Sun ce kuma yana tafe yana dariya shi kaɗai. Ƙafar da ta saba jan keken ƙarfe da gurasar layi uku ba ta ji nauyin wannan ba. Ya cim ma na ƙarshe ya wuce, ya wuce wasu da dama bayansa, yana yi wa kowa sallama. Na gaba kuwa tuni sun yi masa nisa, ko ƙurarsu bai gani ba, kuma bai damu ba. Teku na dama, sahara na hagu, kwalta a gaba ba rami ba ɗan kamasho.

Gudun ne ya karɓi bashinsa. Rana ta riga ta take, kwalta na huci, kuma Ashur bai taɓa zama mai gudu ba. Ƙafafunsa suka yi kamar na aro. Da yawa daga waɗanda ya wuce suka dawo suka wuce shi, wani likitan haƙori ma ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mun rama, Ammu." Ya yi gudu, ya yi tafiya, ya tsaya aka juye masa ruwa a ka, ya sake gudu. Bai zauna ba.

Da ya shigo layin ƙarshe mai lasifika ya karanto lambarsa da sunansa, har da sunan mahaifinsa. Girgis na bin shinge da gudu yana kuka yana zaginsa. Ashur ya tsallake, aka rataya masa lambar yabo, ya yi taku biyu ya kwanta rigingine a kan dardumar da aka shimfiɗa a wurin. Najat ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗa irin ta bikin ƙauye, wasu mata da ba su san ko wane ne ba suka amsa mata.

A cikin sa'o'insa, mutum biyu kawai ya riga isowa. Najat ta ratsa shingen, ba wanda ya hana ta, ta tsaya a kansa abayarta na ɗigar da yashi.

"Ka gama?"

"Na gama, Ummu Hisham."

"Duka ukun?"

"Duka."

"To alhamdu lillahi. Tashi daga ƙasa, mutane na kallo."