Ranar Da Injinmu Ya Tsaya A Kashin Zama

A shekarun farko bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman albasa a Kashin Zama. Ina da ƙuruciya a lokacin, na ɗan yi boko, kuma mutane sun yarda da ni. Ni na kawo shawarar mu haɗa ƙarfi mu sayi babban injin ban ruwa, mu huta da jigo. Aka saya, aka kafa shi a bakin fadama. A rani biyu na farko albasarmu ta yi kyan da ba mu taɓa gani ba, har daga Aliero ake zuwa kallo. Tsofaffin rijiyoyinmu kuwa muka bar su, ƙasa ta rufta a ciki, itacen jigo ya koma murhu. Gas a gidan mai ɗaya muke saye a Jega, bakanike ɗaya ne ya san cikin injin, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina abin da za mu yi in ɗayansu ya kuɓuce mana ba.

A rani na uku mai ya yi wuya a ƙasa, daidai lokacin da albasa ta fara kumbura, lokacin da ba ta jure ƙishi. Na hau babur na tafi Jega, na tarar an rufe gidan man. Mai wurin ya ce shi ma jiran mota yake, bai san ranar zuwanta ba. Na zaga garin har unguwar Jega Magaji ban samu ko jarka ɗaya ba. Wani ya ce in gwada Maiyama, akwai 'yan bumburutu. Na samu a can, na ɗauko ina murna, ashe gauraye yake da ruwa. Muna zubawa injin ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya buga. Na aika a kira bakaniken, aka ce ya samu aikin gwamnati a Birnin Kebbi, ya tashi da iyalinsa tun watan jiya. Babu wanda ya iya ko kwance murfin injin a cikinmu.

Lawashi ya fara kwanciya, fangali bayan fangali. Mutane suna zuwa ƙofar gidanmu su yi sallama, in fito, su tambaye ni ranar da injin zai tashi. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne, abokin mahaifina, wanda ya sayar da sansa na huɗa domin ya shiga ƙungiyar. Na same shi a gonarsa na durƙusa ina ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, mi za mu yi da haƙuri yanzu? Tashi ka ɗauko kwando mu tahi rijiya.” Haka muka shiga yasar rijiyar da muka watsar, shi da tsufansa yana karɓar ƙasa a sama, ni ina ciki. Da sauran suka gani suka fito da nasu kayan. Muka riƙa ɗibar ruwa da guga, mata da maza, hannuwa duk kanta. Gonakin da ke kusa da rijiyoyin sun tsira. Na nesa sun ƙone, har da mafi yawan ta dattijon nan. Da damina ta faɗi, da hauya ya yi huɗa, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu.

Ƙungiyar ba ta mutu ba, amma wasu sun fita ba su dawo ba. Da aka gyara injin muka tura mutum biyu suka koyi gyaransa, muka riƙa ajiye gas tun kafin dashe, muka nemi mai sayarwa na biyu a Aliero. Kowane rani kuma akwai ranar da muke kashe injin da gangan, mu yi ban ruwa da hannu, domin mu gano abin da ya lalace tun muna da lokacin gyarawa.

Ina kira ga duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a, banki ne, asibiti ne ko ƙaramar ƙungiya irin tamu: tun komai yana tafiya daidai, ka zauna da mutanenka ku tambayi kanku, in wannan abu ya tsaya gobe, da me za mu ci gaba? Mu mun yi tambayar ne bayan albasar mutane ta riga ta ƙone.