Shekarar da Bulo Ya Riga Mu Shan Ruwa

Baƙon da ya biyo hanyar Ɗanbatta yakan tsaya ya yabi masallacin garinmu: koriyar ƙubba, siririyar hasumiya, dogayen tagogi da iska ke ratsawa, ga ajujuwan islamiyya da ɗakin karatu a baya. Ni kuwa famfon da ke gefen wurin alwala na fi kallo.

A shekarar fari aka soma aikin. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyinmu suka ƙafe. Yunwa muna lallaɓa ta da rogo da zogale, ƙishirwa ce ta fi ƙarfinmu. Babanmu ya yanke shawarar sayar da gona mu koma Kano wajen ƙaninsa. Innarmu ba ta so, amma me za ta ce?

Wani ɗan garinmu da fatauci ya karɓe shi ne ya turo magina su gina mana sabon masallaci. Suka fara da haƙa burtsatse, domin bulon siminti sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma kafin ya yi ƙwari. Mu da muka saba da tubalin ƙasa, wanda rana kawai yake so, abin ya ɗaure mana kai. Aka kewaye famfon da waya, wai ruwan ɗakin Allah ne, mutanenmu kuwa da kunyarsu ba wanda ya iya roƙa. Muna wucewa da tulu wayam, bulo yana sha har yana zubarwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Innarmu ce haƙurinta ya ƙare. Ta ja akuyarta har zauren liman, ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni. Tsakanin bulo da wannan, wane ne mai rai?"

Liman ya daɗe yana duban akuyar. "Na ji, baiwar Allah. Tashi ki je gida."

Ranar Juma'a, a tsohon masallacinmu na ƙasa, ya ce a cire wayar: mutane su fara ɗiba, dabbobi su biyo, abin da ya ragu na bulo ne. Magina suka yi ta gunaguni, ginin ya ja shekaru, amma mai aikin ya aiko cewa a bi maganar Malam. Allah ya saka musu, shi da Malam, ina sa su a addu'a kullum.

Da mai sayen gona ya zo, babanmu ya shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa sosai, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Muna nan."