Ranar da Nas Ta Hau Ƙirjin Surukinta

Da rana tsaka abin ya faru, layinmu cike da mutane, don annoba ta zaunar da kowa a ƙofar gida ba aikin yi sai kallon mai wucewa. Maƙwabciyarmu Nas ta sauko daga motar asibiti, awa talatin ba ta runtsa ba. Surukinta, tsohon direba mai son shan iska, ya baje a kan benci, baki buɗe, hannu ɗaya na reto. Mu mun san haka barcinsa yake. Ita kuwa abin da ta gani shi ne abin da ake turo mata kullum a kan gadon marasa lafiya. Ta yar da jaka, ta yi tsalle ɗaya, ta haɗa hannu biyu a ƙirjinsa ta hau dannawa.

"Ɗaya, biyu, uku! A kawo oksijin! Ku kira likita!"

Likitan da ya fi kusa shi ne mai askin layinmu, da almakashi a hannu.

A danna ta bakwai tsoho ya farka. "Wayyo Allah! Wane ɗan banza ne..." Yana buɗe ido ya ga matar ɗansa, wadda shekara tara ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ga gwiwarta a cikinsa, ga haƙoransa na roba a ƙasa kusa da takalminta.

Nas muke ce mata, har mijinta. Ƙaramar mace ce, in ta tsaya bayan kanta a shago murya za ka ji ba mutum ba, amma hannunta kamar na mai fasa dutse. Tun tana 'yar sakandare ta yi jinyar mahaifiyarta, daga nan aikin ya kama ta bai sake ta ba. Shekararta goma sha ɗaya a sashen gaggawa, inda ake shigo da mutum a guje, 'yan'uwansa na ihu a baya. Da annoba ta zo rabin abokan aikinta suka kwanta, sauran suka ɗauki nauyin. Sai ta dawo da sawun takunkumi a hanci da kumatu kamar an ɗaure ta da igiya, ta bi ta ƙofar baya, ta jiƙa kayanta a bokitin ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ta yi wanka, sannan ta yarda 'ya'yanta biyu su taɓa ta.

Bayan abin benci kwana uku ba ta leƙo waje ba. Mu kuwa mun samu abin yi. Mai aski ya raɗa mata Danna-Danna. Kowa ya yi hamma sai a ce, "Kai, kar ka rufe ido, tana gida!"

Tana jin mu ta taga, amma ba dariyarmu ce ta fi cin ta ba. Ba ta sa yatsu a wuyan tsohon ta ji bugun jini ba. Ba ta kira shi ba, ba ta girgiza shi ba. Wannan shi ne abin da take yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai har su yi kuka. In kanta ya kai ga haka a ƙofar gida, me za ta yi wa mutane a asibiti? Wayarta ta yi ta ƙara a kan katifa, shugabar sashensu ce ke nema, ita kuwa sai ta kifa ta. Mijinta ya ce, "Ki ajiye aikin nan kawai, Nas, kafin ki hau ni ni ma." Ba ta yi dariya ba.

Rana ta huɗu da hantsi tsohon ya tsaya bayan labulen ɗakinta ya yi gyaran murya.

"'Yar nan, wayarki ta hana ni sakat. Ki ɗauka mana."

"Baba, don Allah ka yafe mini. Ban san yadda zan..."

"Haƙarƙarina ne ke fushi, ba ni ba. To da a ce da gaske na tafi, wa zai hau ni a layin nan? Mai aski? Wannan sai ya fara yi mini gyaran fuska."

Ta miƙe daga bakin gado. Sannan ta sa fararen kayanta, ta ɗaura takunkumi, ta fito ta ƙofar gaba.

Mai aski na hango ta ya faɗa kan benci ya wangale baki. "Nas, taimako! Numfashina!"

Ta tsaya. Ta sa safar hannu a tsanake, ta ɗora yatsu biyu a wuyansa tana kallon agogonta, har dariyar mutane ta fara mutuwa.

"Kai kana da rai," ta ce. "Hankali ne ya tsaya, shi kuma ba a danno shi. Ku ci gaba da dariyarku. Wata guda ina danna ƙirjin mutane, Baba ne na farko da ya tashi ya zage ni."