Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Da safiyar ranar na soya ƙosai kamar kullum, a kusurwar titi kusa da bakin lungunmu a Karantina. Mai ya yi tsada, na rage girman ƙosan, masu saye suna ta mita. Yaron nan ya fito da bokitinsa da tsummokara, zai tafi wankin mota a Aziziyya. Ya sa hannu ya ɗauki mai zafi ya wuce. Ban tanka ba, don ba na yi masa magana a gaban mutane.

Ɗan farina ne. A Jidda na haife shi, bayan mun zo aikin Hajji da ubansa mun maƙale. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle nawa da ya ci sunan surukina. Har ya yi gemu sunan bai taɓa fita daga bakina ba. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan". Shi kuwa tashin Jidda, abin dariya yake ba shi. Yakan tsaya a kaina ya ce, "Ya Ummi, wallahi kin manta ismi," ni kuma in jefe shi da ludayi.

Ƙofar ƙarfen da ke bakin lungun sabuwa ce. An daɗe wasu samari daga wata unguwa suna shigo mana a mota. Su yi jifa, su zage mu da launin fatarmu, su ce mu koma inda muka fito. Ba mu da bakin kai ƙara, yawancinmu ba iƙama, wato takardar izinin zama. Sai ƙungiyar 'yan lungu ta nemi tallafi wurin wasu masu agaji. Alhaji Tijjani, Bahaushen Sudan mai cikakkun takardu, shi ya tsaya mana. Da tallafin aka sa ƙofar, aka sayi lasifikar hannu mai batir. An tsara cewa in an hango su, a kira na waje su shigo, a datse, kada a buɗe wa kowa. Da rana maza na wurin aiki, ni kuwa kullum ina nan, sai aka rataya mini lasifikar. Har tallar ƙosai na yi da ita, sai da Alhaji ya yi mini faɗa.

An idar da la'asar ke nan na ji hon. Dogo ne, motoci na amsa wa juna. Sai ƙarar fashewar kwalba a kwalta. Daga baya muka ji wai an yi sata a wani kanti, aka ce baƙar fata ne ya yi. A lokacin ban san komai ba. Sanduna na gani a hannun samarin nan, da guntayen bututun ƙarfe.

Na bar kaskon a kan wuta na ruga bakin ƙofa. Na ɗaga lasifikar. "Ku shigo! Yalla, ku shigo!" Mata suka suri yara. Masu facin taya suka watsar da kayansu. Alhaji Tijjani ya riƙe murfin ƙofar yana tura mutane ciki.

Sai na hango shi. Ya sauko daga babban titi a guje, bokitin na bugun ƙafarsa. Bai nufo ƙofa ba. Wurin kaskona ya nufa, yana zaton ina can.

"Kai!" na ce. "Kai, ga ni nan!"

Titin cike yake da samari, kowa kai ne. Bai waiwayo ba. Na sake kira. Ya kai wurin kaskon, yana ɗaga tabarmar rumfa yana leƙawa. Mutum biyu sun taso masa ta baya.

Na kira sunan. Da lasifika na kira shi, duk Karantina ta ji.

Ya tsaya cak. Da wani ne ya kira, da gudu zai yi. Amma muryata ce, sai ya juyo a hankali yana nemana da ido. Ya gan ni. Na rantse bakinsa ya fara buɗewa da murmushi. A nan ƙarfen ya same shi. Na ji ƙarar bokitin yana gangarawa.

"Halas, shi ke nan! A rufe!" in ji Alhaji Tijjani.

Aka finciko ni ciki. Sakata ta shiga. Ƙofar ta yi aikinta, sun buga sun gaji ba ta motsa ba. Sai muka ji warin fetur. Kwalba mai wuta ta haye ƙofa ta faɗa kan ɗakin farko, ɗakunanmu kuwa duk katako ne. Muka yi ƙarshen lungu. Maza suka ɓalle langa-langan bayan banɗaki, muka fita ta kwata ɗaya bayan ɗaya. Mayafina ya maƙale a ƙusa, na bar shi.

Ana kiran magariba muna bakin babban titi. Jiniya na ta wucewa, mu kuma muna laɓewa bayan motoci kamar mu muka yi laifin. Wani mai a-kori-kura ya kwashe mu zuwa Ruwais, inda ƙanwata ke aikatau. A hanya na ga ana kallona. Kaina a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya, ga lasifika a wuya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari da hantsi Alhaji Tijjani ya zo. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai iya kallona ba. Ya ce da suka watse ya zagaya ya ɗauki yaron zuwa asibiti. Kafin isha'i ya cika. Shi mai takardu, shi ya karɓi gawar, shi ya tsaya aka rufe.

Mata suka zo gaisuwa. Na zauna ban zubar da hawaye ba, suka yaba, suka ce na yi kara irin ta mutanen da. Duk sun ji abin da na kira a titi. Ba wadda ta tayar da maganar, ni ma ban ɗaga kai ba.

Ɗakuna sun ƙone, an sake kafa su. Kaskona na same shi a inda na bar shi. Ƙofar ta daɗe a tsaye, ana yi mata fenti. Lasifikar na mayar wa ƙungiya, aka ba wata.

Har yau ban sani ba, jinkirin da na yi ne ya kashe shi, ko kiran. Sau ɗaya ya ji sunansa a bakina, kuma ya amsa.