Inna Adama, Mai Kunun Lakol ɗin Kango

Kafin raɓa ta bushe a kan zana, hayaƙin Inna Adama ya riga ya tashi a bayan lakol, wato makarantar boko, ta Garin Ɗantala, gabas da Gazawa. Ita ke fara shiga filin, ita kaɗai. Takan yi sallama a bakin shinge ko da ba kowa, ta ɗan jira, sannan ta ɗora tukunyar kunu. In ka tambaye ta wa take yi wa sallamar, sai ta ce ka miƙo mata itace.

Da aka nemi filin lakol, kowa ya riƙe gonarsa gam. Abin da aka bayar shi ne tsohon kango, inda wasu mutane suka zauna tun kafin kakanni, suka tashi ba wanda ya san dalili. Har yau in ana haƙa ramin dirka don kafa ajin kara, akan tono dutsen niƙa.

Wata bazara 'yan mata suka fara faɗuwa. Da rana tsaka, ana cikin karatu, yarinya za ta ƙura wa kusurwar aji ido, ta sulale ƙasa, ta kama magana da muryar da ba tata ba. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Malamin ajin ya riƙa kiran sunaye, tabarmi ne kawai a gabansa. Daga Gazawa aka aiko cewa in yara ba su dawo ba, za a ɗauke malaman.

Kwamitin iyaye ya zauna. Dattawan da ba a fi su baki a rikicin iyakar gona, ranar kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Buba, wakilin makiyaya, ya ce, "Ko shanunmu ba su tsayawa wurin ga. Ɗiyanmu ba su komowa."

Adama ce ke wakiltar iyaye mata. Ta ce, "Ban san mi ke cikin kangon ga ba, kuma ina tsoronai kamar kowa. Amma ɗiyan da ke faɗuwa na san gidajensu. Ba a hura wuta can da sahe."

Ta roƙi gero a gidajen da ke da saura, ta matsa wa Buba har ya yarda da ƙwaryar nono, ta fara dama wa yara kunu da safe. Sannan ta kamo hannun jikarta Safina, ta zaunar da ita a wannan kusurwar. Ba a yi mako ba Safina ta faɗi, cikinta cike da kunu. Adama ta goya yarinyar zuwa wurin limami. Washegari ta dawo da ita, ta zauna gefenta har aka tashi. Abin da matan gari suka hango ta kan shinge ke nan, suka fara turo nasu. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba.

Inna Adama, ke ce kika shiga da tsoronki, ba ki jira ya wuce ba. Uwar 'ya'yan wasu! Ke kika sa aka kafa wa lakol rumbu, kowane gida na zuba daminsa da kaka, makiyayi da manomi na riƙe da bakinsa tare. Har da 'yan ruga a cikin waɗanda suka wuce kwaleji saboda ke. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Bana gwiwa ta gaza, Inna Adama ta ajiye ludayi. Kwamiti ya tambayi mai karɓa, ba wadda ta ɗaga hannu, kuma abin ya ba ni kunya. Matan Garin Ɗantala, wata ta tashi mana! Ran Litinin yara za su shiga aji, yawancinsu ba su karya ba.